Ciwon Damuwa: Cutar da Ake Yi wa Maganin Taifot a Ƙasar Daura

Babban Mutum gari ne na bakin iyaka a Ƙaramar Hukumar Ɓaure, ɗaya daga cikin ƙananan hukumomi biyar na masarautar Daura, tare da Daura da Zango da Sandamu da Mai'aduwa. Hanyar da ta taso daga Kano ta Ɓaɓura a nan take sallama da Najeriya, ta nufi Magarya da Damagaram. Mutanen wurin sun san ciwo iri-iri, kuma kowanne sun san inda ake kai shi: zazzaɓi kemis, karaya wurin mai ɗori, naƙuda wurin ungozoma ko asibiti, abin da ya shafi iska kuwa wurin malam. Ciwo ɗaya ne ba a san inda ake kai shi ba, don haka mai shi yakan zaga duk wuraren nan ya dawo gida da abinsa.

Ga yadda yakan zo. Magidanci ne, a ce shekarunsa arba'in da 'yan kai, yana da gona da ɗan abin kasuwancinsa. Ya je kemis ya ce kansa ya yi nauyi, tsakar kansa na zafi, jikinsa duk ya mutu, abinci ba ya yi masa daɗi, kuma tun kafin kiran assalatu idonsa ke bushewa, barci ya ƙi dawowa. A ba shi maganin maleriya. Mako biyu ba sauƙi, sai a tura shi gwajin jini, takarda ta fito da taifot. Gwajin nan na Widal da ake yi a ko'ina, likitoci sun daɗe da sanin cewa a ƙasar da taifot ya zama ruwan dare yakan nuna alamar cutar har a jinin mai ƙoshin lafiya. Sai allurai da ƙarin ruwa. Daga nan a ce olsa ce, a hana shi yaji da tsami. Kafin shekara ta zagayo an sayar da awaki da buhunan gero, mutum ya rame, ya daina zuwa majalisa, ya daina leƙa gona, dangi kuma sun fara raɗe-raɗin ko hannu aka sa masa. A duk zagayen nan babu wanda ya yi masa tambaya biyu: “Malam, a 'yan makonnin nan ranka a ɓace yake kusan kullum? Abubuwan da ka saba jin daɗinsu, har yanzu kana jin daɗinsu?”

Da waɗannan tambayoyi biyu ake fara gane ciwon damuwa. A ganina, maganin ciwon nan yana da araha, ma'aikacin asibitin sha-ka-tafi ma zai iya ba da shi idan an koya masa. Mai yin tambayar ne ya yi ƙaranci.

Likitocin ƙwaƙwalwa ba sa kiran kowane ɓacin rai ciwo. Sai abin ya kai aƙalla mako biyu, kusan kullum, kusan wuni guda, mutum na cikin ƙuncin rai ko kuma sha'awar komai ta fita daga ransa. Sannan a sami wasu alamun tare: barci ya lalace, ko ya ƙaurace ko ya yi yawa; cin abinci ya ragu har a rame, a wasu kuma ya ƙaru; gajiya ba tare da an yi aiki ba; hankali ya ƙi tsayawa wuri guda, har ɗan kasuwa ya riƙa kuskuren canji; motsi da magana su yi sanyi, ko kuma mutum ya kasa zama; ya riƙa ganin kansa ba shi da amfani, yana ɗora wa kansa laifin da bai kai ya kawo ba; daga ƙarshe tunanin mutuwa ya riƙa kai-komo a zuciyarsa. Cikin alamu tara ana neman biyar, kuma sai sun taɓa aikinsa ko zamansa da iyali. A namiji sau da yawa abin ba ya zuwa da kuka. Saurin fushi yake zuwa da shi, mutumin da aka sani da sanyin hali ya koma yi wa yara tsawa a kan abin da bai taka kara ya karya ba, wani har ya kai ga sakin da zai yi nadamarsa. A tsoho kuwa yakan zo da mantuwa da yawan ƙorafin jiki, sai a ce tsufa ne.

Dole a raba shi da baƙin cikin rashi. Matar da ke takaba ta wata huɗu da kwana goma tana kuka, tana rasa barci, amma baƙin cikinta tasowa yake ya lafa. Idan jika ya yi abin dariya za ta murmusa, idan aka matsa mata za ta ci tuwo, kuma mijinta take kewa, ba kanta ta tsana ba. Zaman makoki da sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in, da 'yan uwan da ke zuwa tayin kwana, duk suna ɗauke mata nauyi, kuma mafi yawan mutane da haka suke warwarewa. Wadda aka fita takaba da watanni tana nan yadda take ko ta fi, ba ta wanka, ba ta shiga mutane, tana cewa ita ce sanadi, tata ta wuce alhini.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum kimanin miliyan 280 ne ke da ciwon damuwa, wato kusan biyar cikin ɗari na manya, kuma mata sun fi maza da kusan rabi. A rahotonta na 2017 ta ba Najeriya sama da mutum miliyan 7. Binciken gida-gida da Farfesa Oye Gureje na Jami'ar Ibadan ya jagoranta a jihohi 21 a farkon shekarun 2000 ya sami adadin da bai kai haka ba: kimanin uku cikin ɗari ne suka taɓa yin ciwon a rayuwarsu. Amma da Gureje da abokan aikinsa suka bi tsofaffi masu shekara 65 zuwa sama a ƙasar Yarbawa, a binciken da mujallar Lancet ta buga a 2007, sai suka tarar fiye da kashi ɗaya cikin huɗu sun taɓa yi. Ni dai ban cika mamakin ƙarancin adadi na farko ba. Bahaushen da zai ce “lafiya lau” yana kwance a gadon asibiti, ba baƙon da ya zo da takarda da biro zai buɗe wa cikinsa ba. Ɓaure tana da mutum kusan dubu 200 tun a ƙidayar 2006. Ko wane ƙiyasi aka ɗauka, maganar dubban mutane ake yi.

Me ke kawo shi? Da wuya ya zama abu guda. Akwai gado: binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado na ɗaukar wajen kashi ɗaya cikin uku na haɗarin, sauran kuwa daga rayuwa ne. Akwai cututtukan jiki da ke janyo shi ko su yi kama da shi, irin su ƙarancin jini, ciwon maƙoƙo, tarin fuka, ciwon suga, shanyewar ɓarin jiki da cuta mai karya garkuwar jiki, shi ya sa ma'aikacin lafiya na kirki zai duba jiki tukuna. An daɗe ana gaya wa mutane cewa ƙarancin wani sinadari ne a ƙwaƙwalwa mai suna serotonin. Bayanin yana da sauƙin faɗa, amma wani babban nazari da aka fitar a 2022 ya nuna babu ƙwaƙƙwarar hujjar cewa abin a nan ya tsaya. Abin da aka tabbatar shi ne ciwon yana taɓa barci da ci da sinadaran da jiki ke fitarwa lokacin tashin hankali, yana kuma sauya yadda ƙwaƙwalwa ke jin daɗin abu. Ciwon jiki ne da na zuciya a haɗe, don haka mutumin da ya ce kansa na zafi ba ƙarya yake ba.

Sai kuma abin da duniya ke ɗora wa mutum. Ƙasar Daura Allah ya kiyaye ta daga mafi munin ta'asar 'yan bindiga da ta addabi Batsari da Safana da Faskari da Jibiya, amma garin bakin iyaka yana da irin nasa tashin hankalin. A watan Agusta 2019 gwamnatin tarayya ta rufe iyakokin ƙasa, a Nuwamba kuma aka hana kai fetur gidajen mai da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, ba a fara buɗe wasu iyakokin ba sai Disamba 2020. A ƙarshen Mayu 2023 aka cire tallafin mai. Wata biyu bayan nan sojoji suka yi juyin mulki a Yamai, aka sake garƙame iyaka har zuwa Maris 2024. Mai kai kaya Magarya, da direba, da ɗan dako, da mai canjin sefa, da mai abincin bakin tasha, kowa ya ji a jikinsa. Talauci shi kaɗai ba ciwon damuwa ba ne, in ba haka ba da rabin gari na kwance. Abin da ya fi karya mutum shi ne faɗuwa: wanda jiya shi ke yi wa dangi hidima yau ya kasa cefanen gidansa, ga bashi, ga kunyar haɗa ido da surukai, ga shi al'ada ba ta ba namiji wurin kuka ba.

Wajen mata maganar ta fi faɗi. Binciken lafiyar al'umma na ƙasa na 2018 ya nuna Katsina ce kan gaba a yawan haihuwa a Najeriya, mace ɗaya na haihuwar sama da bakwai a matsakaicin lissafi. Hukumar Lafiya ta Duniya kuwa ta ce fiye da ɗaya cikin goma na masu ciki da masu jego suna shiga ciwon damuwa. Sai mutum ya lissafa sau nawa mace guda ke ratsa wannan siraɗi. Al'adarmu ta yi wa mai jego gata: ana tafiya gida haihuwar fari, ana samun tsohuwa mai kula da wanka da kunu, ana ɗauke mata girki har arba'in. Wannan kariya ce ta gaske, kuma abin takaici ne yadda take raguwa. Sai dai idon kowa a kan jikinta da jaririn yake. Idan ta ce ba ta jin son yaron a ranta, ko tana tsoron ba za ta iya riƙe shi ba, amsar da za ta samu ita ce ta yi istigfari, wasu nema suke ba su samu ba. Sai ta yi shiru. Ɗan kukan da ke zuwa a kwanakin farko bayan haihuwa yakan wuce da kansa kafin mako biyu. Wanda ya zarce haka yana bukatar magani, domin yana taɓa shayarwa da girman yaron. A ƙara da zaman kishi, da mijin da ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal ya bar ta da yara da uwar miji, da duka a wasu gidajen, da zawarci mai zuwa ba shiri.

Matasa kuwa sukan yi wa kansu magani. Binciken da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya yi tare da gwamnatin Najeriya, mai ɗauke da shekarar 2018, ya ƙiyasta mutum miliyan 14.3 na ta'ammali da su, kuma a Mayun shekarar ne aka haramta maganin tari mai kodin. Ba duk mai shan tiramadol ne ke da ciwon damuwa ba. Amma akwai wanda ya fara sha don ya iya tashi ya yi aiki, ko ya sami barci, ƙwayar kuma ta ƙara dulmuya shi. Idan aka raba shi da ita ba a duba abin da ya kai shi ba, komawa zai yi.

Akwai maganar da ta fi kowacce hana mutane neman magani, ita ce wai mai imani ba ya shiga damuwa. Masu faɗar haka da kyakkyawar niyya suke faɗa, amma tarihin addinin bai goyi bayansu ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, malaman sira Shekarar Baƙin Ciki suke kiranta. Annabi Yaƙub, alaihis salam, baƙin cikin rabuwa da ɗansa ya kai har ga idanunsa, ba a kuwa ce imaninsa ya yi rauni ba. Abu Zaid al-Balkhi, malamin ƙasar Khurasan da ya rasu a shekarar 934, ya rubuta littafi a kan lafiyar jiki da ta rai, inda ya raba baƙin ciki mai sanadin da aka sani da wanda ke sauko wa mutum ba dalili, ya ce na biyun yana da tushe a jiki kuma yana bukatar magani tare da lallashi. Ishaƙ ibn Imran, likitan Ƙairawan ta ƙasar Tunisiya, shi ma a wajen wannan zamani ya keɓe wa ciwon littafi sukutum. Saboda haka ba Turawa ne suka kawo mana labarinsa ba.

Haƙuri maganin zaman duniya ne, ba wanda ya musa. Amma a duba yadda ciwon yake aiki: ɗaya daga cikin alamunsa shi ne mutum ya riƙa ganin kansa mai laifi, wanda Allah ya yi fushi da shi. Sallar da ya saba yi da nishaɗi ta yi masa nauyi, karatu ba ya shiga. Idan ka zo ka ce masa ƙarancin tawakkali ne ke damunsa, ka tabbatar masa da abin da ciwon ke raɗa masa ke nan. Malamin da ya san wannan babban abokin aikin likita ne, domin wurinsa ake fara zuwa, kuma maganarsa ta fi ta kowa nauyi a gida. Ya yi addu'a, ya yi tofi, ya ba da rubutu in ana so, sannan ya ce, “Alhaji, ku kai shi asibiti, neman magani ba ya karo da tawakkali.” Haɗin nan ba sabo ba ne a Najeriya. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro kusa da Abekuta, inda marasa lafiya ke zama cikin gidajen mutanen ƙauye tare da ɗan uwansu, likita na aikinsa, masu maganin gargajiya na taimakawa.

Magani iri biyu ne, na baki da na sha, kuma na bakin ya fi ƙarfin “ka yi haƙuri”. Tsari gare shi. Wanda ya fi sauƙin koyarwa an gina shi a kan abu ɗaya da aka lura da shi: mai damuwa yana jiran ransa ya yi daɗi kafin ya tashi, alhali sai ya tashi ran zai fara daɗi. Sai ma'aikaci ya zauna da shi su zaɓi ƙananan abubuwa, a sa musu rana da lokaci. Gobe sallar La'asar a masallaci. Jibi a kai akuya kiwo. Ranar Juma'a a je gaishe da gwaggo. Mako mai zuwa a dawo a duba abin da aka yi da wanda ya gagara, ba faɗa. Wani tsarin kuma na warware matsala ne: a zazzage duk abin da ya cushe wa mutum kai, bashi da rikicin gado da rashin lafiyar yaro, a ware ɗaya da za a iya taɓawa, a jera hanyoyi, a gwada guda. Akwai kuma wanda Aaron Beck ya assasa a Amurka a shekarun 1960, na koya wa mutum ya tuhumi tunaninsa: da ka ce kowa ya tsane ka, wa da wa? Wanda ya kawo maka fura jiya fa?

Abin da ya sa nake ganin wannan zai yiwu a Ɓaure shi ne an gwada shi a wuraren da ba su fi mu likitoci ba. A Harare ta Zimbabuwe, Dakta Dixon Chibanda ya koya wa tsofaffin mata tsarin warware matsala, suna zama da marasa lafiya a kan benci a harabar asibiti. A gwajin da aka buga a 2016, bayan wata shida kimanin 14 cikin ɗari na waɗanda suka zauna da su ne ke da sauran alamun ciwon, a waɗanda ba su zauna da su ba kuwa kusan rabi. A karkarar Rawalpindi ta Pakistan, cikin al'ummar Musulmi manoma, ma'aikatan lafiya mata masu shiga gida-gida sun yi wa masu ciki irin wannan zama, sakamakon da ya fito a 2008 ya nuna ciwon ya ragu zuwa 23 cikin ɗari, a inda ba a yi ba kuwa 53. A nan gida, gwajin da Gureje ya yi a ƙananan asibitocin Ibadan, wanda aka buga a 2019, ya nuna kusan uku cikin huɗu na marasa lafiya sun warware cikin shekara guda a hannun ma'aikatan matakin farko da aka horar da littafin jagora na mhGAP, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2010. Ƙasar da likitocin ƙwaƙwalwarta ba su kai 300 ba, ga mutum sama da miliyan 200, mafi yawansu kuma a manyan birane suke, ba ta da wata hanya sai wannan. A takarda ma tun 1991 aka sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin ayyukan asibitocin matakin farko. Mai awon ciki da ke ganin mata kowane mako, ita ta fi kowa damar yin tambayoyin nan biyu.

Idan ciwon ya yi tsanani, sai a haɗa da na sha. Guda biyu aka fi samu a ƙasar nan, amitiriftilin da fuloksetin, dukansu suna cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, kuma kuɗinsu na wata bai kai na zagaye ɗaya na alluran taifot da ƙarin ruwa ba. Wani nazari na 2018 da ya tattara gwaje-gwaje 522 a kan magunguna 21 ya nuna dukansu sun fi ƙwayar da ba komai a cikinta aiki, ko da yake ratar ba ta kai yadda kamfanoni ke zuzutawa ba, kuma amfaninsu ya fi fitowa a ciwo mai tsanani. Wajen mutum ɗaya cikin uku ke warwarewa sarai da maganin farko, sauran sai an ƙara ko an sauya. Wannan ba gazawa ba ce, haka aikin yake.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen sha. Maganin nan kamar taki yake, ba ranar da aka zuba ake ganin gona ta yi kore ba. Sai mako biyu zuwa huɗu, wani lokaci shida, kafin a ga sauyi, illolinsa kuwa tun daren farko suke sallama: amitiriftilin na busar da baki, yana sa barci da taurin bayan gida da jiri idan an miƙe da sauri; fuloksetin na iya sa tashin zuciya da ciwon kai, yana kuma rage sha'awar iyali, abin da magidanci ba zai faɗa ba sai dai ya daina sha. Wanda ba a yi wa wannan bayani ba, kwana biyar zai jefar da shi. Kuskure na biyu shi ne dainawa da zarar an ji sauƙi. Ana so a ci gaba aƙalla wata shida bayan warwarewa, jagoran mhGAP ma wata tara zuwa shekara ya ce, sannan a janye a hankali. Kusan rabin waɗanda suka yi ciwon sau ɗaya yakan dawo musu, don haka ya kamata iyali su riƙe alamun farko. Magungunan nan ba sa bugarwa, ba a kuma maitarsu irin ta tiramadol, kuma ba su ne masu sandarar da mutum yana dalalar da miyau ba, waɗancan na wata cuta ce dabam. Amma ba na saye a kemis da ka ba ne. Amitiriftilin yana da haɗari ga mai ciwon zuciya, kuma a hannun wani babba a gida ya kamata ya zauna. Sannan dole a tambaya ko mutum ya taɓa yin kwanaki ba barci ba gajiya, yana surutu da rabon kuɗi da manyan shirye-shirye. Mai irin wannan ciwonsa mai hawa da sauka ne, maganin damuwa shi kaɗai zai iya tunzura shi.

A watan Oktoba 2019 'yan sanda suka shiga wani gidan mari a garin Daura suka fito da mutum 67, manya da yara, da yawansu da sarƙa a ƙafa, makonni kaɗan bayan an bankaɗo irinsa a Rigasa ta Kaduna. Yawancin waɗanda aka kai can saboda shaye-shaye ne ko abin da iyaye suka kira rashin ji. Na kawo maganar ne don iyayen da suka kai 'ya'yansu ba mugaye ba ne, kuɗi ma suke biya. Sun rasa wurin zuwa ne. A lokacin, dokar da ke aiki a kan taɓin hankali ita ce ta 1958, wadda tushenta ke komawa ga dokar Turawan mulki ta 1916, ba ta san komai ba sai tsarewa. A Janairu 2023 Shugaba Muhammadu Buhari, ɗan Daura, ya sa hannu a sabuwar Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa ta Ƙasa, wadda ta tanadi sashe na musamman a Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya da asusu da haƙƙoƙin marasa lafiya. Doka ce mai kyau. Sai dai asibitin sha-ka-tafi a hannun jiha da ƙaramar hukuma yake, horar da ma'aikaci da ajiye magani a kanta kuma aikin kasafin kuɗin Katsina ne.

Saura maganar da ba a son yi. Sama da mutum dubu 700 ke kashe kansu a duniya kowace shekara, ciwon damuwa na cikin manyan dalilai. A wurinmu abin haramun ne, abin kunya ne ga zuri'a, kuma sashe na 231 na kundin dokokin laifuffuka na Final Kod ya mai da yunƙurinsa laifin da ke kai mutum gidan yari har shekara guda. Tsoron Allah yana tsare mutane da yawa, wannan gaskiya ne. Amma ukun nan sun haɗu sun sa ba a faɗa, ba a kai wanda ya yi yunƙuri asibiti da wuri, an fi so a ce tsautsayi ne. Bincike ya nuna tambayar mutum kai tsaye ba ta cusa masa tunanin, sauƙi ma take kawo masa. Ƙanwa za ta iya cewa, “Yaya, ka taɓa jin gara ka mutu ka huta?” Idan ya ce e, ba wa'azi za a fara ba. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da duk abin da zai iya cutar da kansa da shi. A ƙasar manoma wannan na nufin magungunan feshi da na ƙwarin rumbu su koma ɗaki mai kwaɗo, mabuɗin a hannun wani. Siri Lanka ta haramta mafi haɗarin magungunan feshi, kisan kai ya ragu da kusan kashi 70 cikin ɗari tsakanin 1995 da 2015, noma kuma bai faɗi ba. Tunanin yakan zo da ƙarfi ne na ɗan lokaci, wanda ya tsallake lokacin galibi yana rayuwa.

Akwai waɗanda ciwonsu ya fi ƙarfin ƙaramin asibiti: wanda ya yi yunƙuri ko ya tsara yadda zai yi, wanda ke jin muryoyi ko ya haƙiƙance cikinsa ya ruɓe, wanda magani biyu suka gaza a kansa, da mai jegon da ta rikice a makonnin farko, ba ta barci, tana maganganun da ba kai, abin da ke samun mace ɗaya ko biyu cikin haihuwa dubu. Su ne na asibitin ƙwaƙwalwa na Kazaure, wanda ya fi kusa da ƙasar Daura, ko Katsina, ko Dawanau da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Sunan wuraren nan kaɗai yana sa dangi ja da baya, don gudun a ce gidan wane akwai hauka, 'yan mata su rasa manema. Amma a can ne ake da magungunan da suka fi ƙarfi, manyan asibitoci kuma suna da maganin lantarki da ake yi bayan an sa mutum barci, wanda duk da mummunan sunansa yana cikin mafi saurin ceto wanda ya daina ci da magana. A tafi da ɗan uwan da ya san farkon abin, a kwashi duk kwalayen magungunan da aka sha, har na gargajiya, a nuna wa likita. Wanda ya kwana biyu bai ci ba bai sha ba, ba a jiran ranar kasuwa ko a sayar da wake. A nemi mota a ranar.